Shekarar da Na Je Mai'adua Neman Taba

Na san abin da ake faɗa a kaina a cikin dangi, kuma na san ku 'ya'yana kun ji, ko da ba ku taɓa maimaitawa a gabana ba. Ana cewa ni na kunna wa mahaifinku taba yana kwance ba lafiya, bayan likita ya hana. Ba ƙage aka yi mini ba. Ni na je Mai'adua da ƙafata na nemo ta, ni na ƙyasta ashana. Abin da ba ku sani ba shi ne abin da ya gabaci ashanar, kuma tunda shekaru sun ja, gwiwa ta fara yi mini gardama, gara in rubuta da hannuna kafin wani ya ba ku labarin da nasa gishirin. Na ƙare ƙuruciyata ina koya wa 'ya'yan mutane rubutu a firamare, bai kamata in mutu ban yi wa nawa amfani da shi ko sau ɗaya ba.

Ku da tsufansa kuka fi sanin mahaifinku, lokacin da ya yi laushi. Ni na san shi da ƙarfinsa, yana lodin shanu daga kasuwar Mai'adua zuwa Kudu, mutum mai gajen haƙuri wanda ko tuwo so yake ya ci a tsaye. Bai taɓa shan sigari ba, raina masu shanta ma yake yi, ya ce takarda suke ƙonawa. Tasa daban ce, irin tabar nan mai kaurin babban yatsa da ake naɗewa da ganyen taba zalla ciki da waje, da ɗan zoben takarda a wuyanta. 'Yan boko siga suke ce mata, mu a gida "mai zobe" muke cewa. Wani Balarabe mai kanti a Damagaram ne ya fara ba shi tun kafin a yi aurenmu, daga baya kuma amininsa Alhaji Mamman, mutumin Nijar da ke da rumfa a Mai'adua, shi yake kawo masa a ɗan akwatin katako. Ya taɓa gwada mai ƙarfin, baƙa wuluk, ta juya masa kai har ya kwanta a zaure yana salati. Ya gwada mai sauƙin, ya ce da ita da hayaƙin karan dawa duk ɗaya. Sai ya tsaya a kan ta tsakiya, mai launin ƙasa-ƙasa, ba ta yin kaye, ba ta kuma yin lami. Ita ce tasa ta kullum, guda ɗaya tak a rana, bayan la'asar, a gindin darbejiyar tsakar gida.

Ajiyarta aikina ne. Zafin Daura ba ya barin ganye da rai, in ka bar ta a akwatinta sai ta bushe, bayanta ya tsattsage, ta ci wuta fal-fal ta bar ɗaci a baki. In kuma laima ta yi mata yawa ta yi fumfuna. Na sha faɗa a kan wannan a farkon aure, har na gano dabara. Na sayi sabon tulu wanda bai taɓa ganin ruwa ba, na kafa shi a cikin jiƙaƙƙen yashin da ke gindin randa, na jera su a ciki, na rufe bakin da faifai da ɗan tsumma mai laima. Kullum da safe in yayyafa wa tsumman ruwa. In zan ɗauko masa, sai in ɗan matsa ta da yatsa biyu yadda ake gwada mangwaro, wadda ta ɗan lotsa ta dawo ita ce ta yi. Ranar da ya fara shan ta cikin tulun bai yaba mini ba, don ba halinsa ba ne. Cewa kawai ya yi kada kowa ya sake taɓa tulun nan sai Malama.

Ban taɓa kai ta bakina ba, amma na san ta kamar yadda mai girki ke sanin miyarta daga ƙofar kicin. Da an kunna, ƙamshin farko na ƙasa ne, irin na ranar da aka yi ruwan fari, da ɗan yaji-yajin masoro da ke sa ka atishawa in ka matsa kusa. A wannan lokacin ba a yi masa magana, hankalinsa na kan hanya da shanu da 'yan kamasho. In ta ci kamar gaɓar yatsa biyu, sai yajin ya kwanta, ƙamshin ya koma na gyaɗa da ake soyawa a yashi, da ɗan zaƙi-zaƙi a bayansa. Shi ba ya haɗiye hayaƙin, juya shi yake yi a baki ya sake shi a hankali, ya bar tokar ta yi tsawo, fara tas, yana kallonta kamar wata dukiya. Can ƙarshe kuma, wajen zoben, sai ta yi nauyi, ta yi ɗaci irin na goro, daga nan ya ajiye ta a kan fasasshen kasko ta mutu da kanta, ya miƙe ya yi alwalar magariba. Na taɓa tambayarsa me yake ji a ciki da har ba ya fashi.

"Malama, ita kaɗai ce abin da ba ya yarda a yi masa gaggawa," in ji shi. "In ka zuƙe ta da sauri ta yi zafi ta ɓata maka baki. Dole ka zauna."

Ni kuwa wannan zaman shi ne ribata. Na lura in ƙamshin gyaɗar nan ya taso, kafaɗunsa suna sauka, muryarsa ta yi sanyi, abin da za ka roƙa da safe a kore ka, a lokacin sai a saurare ka. Sai na mai da shi lokacin shigar da buƙata. Ina daga bakin murhu ina tankaɗe, hancina na tsakar gida, da na ji an kai gyaɗa sai in ɗauko tabarma in zauna nesa kaɗan. A nan na samu izinin ci gaba da koyarwa bayan aure, abin da 'yan'uwansa suka rantse ba zai yiwu ba. A nan aka yarda Hadiza ta yi sakandare. A nan aka fasa sayar da gonar Sandamu. Ni a zatona wayo nake yi masa bai sani ba.

Yanzu sai maganar yayanku. Ku da kuka taso a zamanin da uwa ke rungumar ɗanta a gaban mutane ta kira shi da sunan gayu, ba lallai ku gane ba. Mu a namu lokacin ɗan fari abin kunya ne. Ba ka faɗar sunansa, ba ka yi masa wasa, ba ka nuna ka damu da shi, in ya faɗi a gabanka sai dai wata ta ɗaga shi. Da aka yaye shi, kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi zuwa Baure, can ya girma. Ku kuna ce mini Umma, shi Malama yake ce mini kamar 'yan ajina. In ina da saƙo gare shi sai ta bakin Gwaggo Talatu, ƙanwar mahaifinku, shi ma ta bakinta yake amsawa. Ba wanda ya ga aibin haka, ni ma ban gani ba, haka uwata ta yi wa nata ɗan farin. Da ya gama sakandare, mahaifinku ya yanke cewa zai bi mota ya koyi harkar shanu, har an ɗinka masa kayan tafiya. Damina guda na yi ina shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya a kan maganar nan, ban kuma taɓa kama suna ba, sai dai in ce "yaron nan na Baure". Ranar da mahaifinku ya gaji da ni ya ce, to, ya je ya yi karatun likitan, mu ga abin da zai tsinana. Da aka gaya wa yaron, Gwaggo Talatu ya je ya yi wa godiya, don ita ta kai masa albishir. Na ji daɗi, na kuma yi shiru, yadda ya kamata.

Shekarar da aka rufe boda ciwo ya kwantar da mahaifinku. Ya fara da rama da kumburin ciki, idanunsa suka yi ɗorawa. Yayanku, wanda a lokacin ya zama babban likita a Katsina, ya zo ya ɗauke shi, aka yi gwaje-gwaje, aka dawo da shi da leda cike da magani. Ranar da suka dawo, ina tsaye a bakin kicin, yayanku ya wuce kai tsaye gindin randa, ya ɗage faifan, ya kwashe duk abin da ke cikin tulun ya zuba a murhu a kan garwashin da na ɗora ruwan zafi. Gidan ya turnuƙe da ƙamshi har maƙwabta. Sannan ya juya wajen ƙannensa, Hadiza da Nura, ba wajena ba, ya ɗaga murya yadda zan ji.

"Daga yau ko warinta kada ya sake ji. Duk wanda ya kawo masa, shi ya sani."

Ba zan ce bai yi daidai ba. Taba ba abin kirki ba ce, ban taɓa cewa ita ce ba, kuma da na ga ɗayanku da ita a baki da sai inda ƙarfina ya ƙare. Aikinsa ya yi, kuma tsoron rasa uba ne ya sa shi. Mahaifinku yana jin komai daga ɗaki, amma shi ma ɗan farinsa ne, ba zai tsaya cacar baki da shi ba. Amma daga ranar ya daina fitowa tsakar gida. La'asar ta yi, ya yi sallarsa a zaune, ya juya fuska bango. Kunu sai an yi da gaske yake kurɓa. Bai roƙa ba ko sau ɗaya, mutum ne mai girman kai, amma ina ganin yatsunsa biyu suna motsi a kan bargo in rana ta karkata. Na kira Gwaggo Talatu na ce ta tambayo mini likitan, wato yayanku, magana ɗaya, in an hana shi, zai tashi? Ta je ta dawo, ta zauna a bakin gadona ta daɗe tana gyara ɗankwali.

"Yaya, ya ce hanta ce, kuma ta riga ta gama. Ya ce sai dai addu'a. Ya ce kada a gaya masa."

"To hanin na mene ne?"

"Ya ce ko kwana ɗaya aka ƙara, riba ce."

Na yi ta juya maganar. Shi yana lissafin kwana, ni kuma ina kallon abin da ke cikin kwanan. Da mu masu zama ne mu yi magana, da na kira shi na ce, ɗana, ga abin da nake gani, me ka gani? Wataƙila da ya ba ni hujjar da za ta sa in haƙura, wataƙila da shi ya sassauta. Amma babu wannan hanyar tsakaninmu, ban gina ta ba, ba a kuma gina ta rana ɗaya. Ranar kasuwa na sa hijabina na ce wa Hadiza zan je dubiya, na shiga motar Mai'adua.

Rabona da kasuwar tun ina amarya. Na yi ta tambaya har aka nuna mini rumfar Alhaji Mamman, na same shi a zaune kan buhu, kantar rabi babu kaya saboda rufe hanya. Da ya gane ni sai ya miƙe tsaye, ya rasa inda zai sa ni, matar amininsa a tsakiyar kasuwar maza. Muka gaisa, ya tambayi mai jiki, na gaya masa gaskiya, na kuma faɗi abin da ya kawo ni. Ya share ido da hannun riga.

"Hajiya, kaya ba sa shigowa, wallahi rabona da akwati tun kafin azumi. Amma dakata."

Ya shiga can ƙuryar rumfa ya yi ta bincike, ya fito da guda biyu a cikin tsohuwar jarida, sun bushe kamar kirare. Ya ce kunya yake ji ya ba ni su a haka. Na kai hannu jaka, ya ɓata rai ya ce in ban so mu rabu ba in mayar. Ya raka ni har tasha yana tafe a gaba ina biye, ya ce in gaya wa mutumin nasa yana nan tafe. Bai samu zuwa ba sai ranar jana'iza.

Busasshiyar taba ba a yi mata gaggawa, in ka jiƙa ta lokaci ɗaya fashewa take yi. Na wanke tulun na shanya, na mai da shi gindin randa, na sa su ciki, kullum in ƙara wa tsumman laima kaɗan. Ina yi ina duban mai jiki, ina tsoron kada ya riga su. Hadiza ta gan ni ina yayyafa ruwa, ta dube ni, na dube ta, ta ɗauke kai ta wuce. Ban sa ta a ciki ba, kuma kada wanda ya ƙara sa ta. Ranar da na matsa ɗaya ta lotsa ta dawo, na jira ya idar da la'asar, na shiga na ce masa iska ta yi daɗi a waje. Ya ce ba ya so. Na buɗe tafin hannuna na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in kama shi.

Na shimfiɗa masa darduma a gindin darbejiya, na jingina shi da matashi. Ba shi da sauran ƙarfi, don haka ni na yanke kan da reza yadda na ga yana yi, ni na ƙyasta ashana na riƙe masa har ta kama. Ya ja sau biyu ko uku, ba ƙarfi, ya saki hayaƙin. Sauran lokacin riƙe ta kawai yake yi, in ta nemi mutuwa ya ɗan ja. Na zauna a tabarmata inda na saba. Can ya yi 'yar dariya.

"Malama, bakin nan ya mutu, ba na jin ɗanɗanon komai. Ke za ki gaya mini inda aka kai."

"Har yanzu ƙasa ce, da ɗan masoro," na ce.

Kaji na tono a gindin turmi, wani mai tallan kwaki ya wuce ta bayan katanga. Kafaɗunsa suka sauka yadda suke yi a da, ko da yake babu sauran nama a jikinsu. Da ƙamshin ya juya na ce masa, Alhaji, an kai gyaɗa.

"To, faɗi buƙatarki," in ji shi. "Ai lokacinki ne."

Na ɗago na dube shi. Ashe ya sani. Duk shekarun nan da nake ganin na iya wayo, yana sane, shi yake zama ya jira ni in ɗauko tabarma. Kunya ta kama ni kamar yarinya, ga dariya ga hawaye, na rasa wanda zan fara. Na ce ba ni da wata buƙata sai ya yafe mini.

"Wannan ai ba sai an kai gyaɗa ba," ya ce. "Ni ma ki yafe mini, na san ba ni da daɗin zama."

Muna haka muka ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Yayanku ne, ba kuma ranar zuwansa ba ce. Tun daga zaure ƙamshin ya tare shi, ya shigo da sauri ko sallama bai ƙarasa ba, ya tsaya a kanmu. Ya dubi hannun mahaifinsa, ya dubi kwalin ashana a cinyata. A karo na farko a rayuwarsa ya yi mini magana kai tsaye, ido cikin ido.

"Malama, ke kika ba shi? Me ya yi miki? Ni me na yi miki?"

Amsar tana bakina, duk abin da na rubuta muku a nan yana bakina. Amma ɗan fari ne a tsaye a gabana, ga ubansa a zaune, sai jikina ya yi abin da ya saba, na ja mayafi na kau da fuska. Ya jira. Mahaifinku ya ce masa, kai, zauna mana, amma muryar ba ta fita sosai, ban jin ya ji. Yayanku ya juya ya fita. Ni na san kunya na yi, shi kuma abin da ya gani shi ne matar da ba ta taɓa kiran sunansa ba ta sake juya masa baya.

Mahaifinku bai ƙara sha ba, bai ma nema ba. Amma kullum bayan la'asar yakan ce a fitar da shi gindin darbejiya, kuma ya koma shan kununsa, har ranar da Allah ya karɓi abinsa, kafin a girbe gero. Ko tabar nan ta rage masa kwana ban sani ba, ba ni da ilimin da zan musa wa likita. Na san dai yadda ya yi kwanakin da suka rage, kuma da za a maida ni ranar, motar Mai'adua zan sake shiga.

Abin da na biya kuwa kun gani da idonku. Yayanku bai taɓa gazawa da ni ba, buhun shinkafa da na masara ba sa yankewa, magungunan gwiwata daga wajensa suke zuwa. Amma tun da na fita takaba bai ƙara taka cikin ɗakina ba. Ranar sallah yakan tsaya a bakin ƙofa, takalmi a ƙafa, ya ce Malama barka da sallah, in ce barka kadai, ya juya. 'Ya'yansa a waya nake ganin hotonsu wajen Hadiza. Gwaggo Talatu da ke kai mana saƙo ta rasu bara, yanzu ko ɗan aiken ma babu. Ina jin ciwon abin, ba zan ɓoye ba, na fi jin sa da la'asar.

Tulun yana nan a gindin randa, ɗayar tana ciki, har yau ina yayyafa wa tsumman ruwa da safe don hannu ya saba. Nura ya ce in jefar, na ce ya bar mini kayana. Wannan babin ku duka na rubuta wa, amma Hadiza, ke za ki kai Katsina ki ba shi hannu da hannu, ki ce ya karanta har ƙarshe. Uwata ta mutu ba ta faɗi sunan ɗan farinta ba, kuma an yabe ta a kan haka. Ni na gwada, na ga abin da ya saya mini. Bakina har yanzu ba zai iya ba, na gwada ni kaɗai a ɗaki ya ƙi fita, amma hannu ya yi shekaru yana rubuta sunayen 'ya'yan wasu a allo.

Aminu. Ni ce na roƙa maka karatun nan, damina guda, a gindin darbejiya. In ka zo sallar bana, ka cire takalmi ka shigo.